Kuskuren ɗaure baƙon doki a tsakiyar jarinka

Wani mai saye da sayar da dawaki ya rubuto cewa yana da dawaki 12 a barga, sai ƙaninsa ya samo masa wani ingarma da araha, ya kuma rantse masa cewa lafiyarsa ƙalau. Bayan kwana goma bakwai daga cikinsu suka kama zazzaɓi da majina, ƙarƙashin muƙamuƙinsu ya kumbura, ɗaya ya mutu. Yana tambaya ko ya ci bashi ya ƙaro dawaki goma, domin ya mayar da asararsa cikin wata uku, ya kuma ninka jarinsa kafin shekara.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri, amma kada ka karɓi bashin nan. Duk dokin da ka shigar bargar nan a yanzu, cutar ka saya wa shi.

Kuskurenka guda ɗaya ne, kuma ba ka ambace shi a matsayin kuskure ba: ka ɗauki maganar ƙaninka a madadin killacewa. Ban ce ya cuce ka ba, domin mai yiwuwa abin da idonsa ya gani ya faɗa. Sai dai alamun da ka lissafa sun yi kama da cutar nan mai kumbura maƙogwaron doki har ƙurji ya fashe da mugunya, kuma ita takan ɓoye tsakanin kwana 3 zuwa 14 kafin ta bayyana. Mafi muni, kusan ɗaya cikin goma na dawakin da suka warke sukan ci gaba da ɗauke da ƙwayarta a wata jaka da ke can cikin maƙoshi har tsawon watanni, suna ci suna sha suna sheƙi. Wane ido ne zai ga wannan? Likitan dabbobi ne kaɗai zai tabbatar da ita ta hanyar gwaji, kuma ya kamata a ce tun jiya ka kira shi.

Na taɓa ba wani ɗan kasuwa shawara wanda ya yi zaton ya killace sabon dokinsa, tunda ya kafa masa turke can nesa da sauran. Da na je na tsaya ina kallo, sai na ga yaron barga ya tsoma bokiti ɗaya a gaban baƙon, ya ɗauko shi yana ɗiga ya ajiye wa sauran, sannan ya share hancin wannan da tsumman da ya share na wancan. Mako biyu bayan haka babu dokin da ba ya tari. Ƙwayar cutar tana iya yin makonni a cikin ruwan sha, tana bin linzami da ragama da hannun mutum da rigarsa. Har gwamnatoci sun taɓa faɗawa cikin irin wannan kuskure. A shekarar 2007 wata cuta ta daban, murar dawaki, ta kuɓuce daga wurin killacewa na hukuma a Sydney ta ƙasar Ostireliya, ta kama dawaki sama da 70,000, kuma binciken da aka yi ya fi karkata ga cewa a jikin mutane ko kayan aikinsu ta fita.

Yanzu mu yi lissafin da ba ka yi ba. Dawakinka shida marasa lafiya ba za su sayu ba har na tsawon mako shida a ƙalla, domin bayan sun miƙe ma suna iya yaɗa cutar na wasu makonni. Wato mako 36 na ciyar da doki ɗaya ke nan, ga magani, ga ladan likita, ba ko sisi mai shigowa. Sauran ma ba su tsira ba tukuna. Da ka ware baƙon nan, mako uku na doki ɗaya kawai za ka ciyar. Idan kuma ka sayar da mai ɗauke da cutar ya je ya kwantar da bargar wani, sunanka ne zai mutu a wurin dillalai, kuma wannan asarar bashi ba ya mayar da ita. Batun ninka jari kafin shekara kuwa, ka ajiye shi. Doki yana ci kullum ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Abin da za ka yi da ɗan kuɗin da ya rage ƙarami ne. Ka rufe barga, kada doki ya shiga ko ya fita sai likita ya yarda. Ka raba marasa lafiya da waɗanda suka cuɗanya da su, kowane rukuni da bokitinsa da tsummansa, a fara hidimar masu lafiya a ƙare da marasa lafiya, a wanke hannu, kada a yi wa dawaki biyu allura da tsinke ɗaya. Ka sayi ma'aunin zafi da littafi, a auna kowane doki safe da yamma a rubuta. Wanda ya haura digiri 38.5 a ma'aunin Celsius a janye shi nan take, domin zazzaɓin yakan riga yaɗuwar ƙwayar da kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan ɗan tsakanin shi ne damarka.

Ƙaninka kuma ka ci gaba da aikensa idan ya iya ciniki, amma ka gaya masa a fili cewa daga yau duk dokin da ya kawo, ko daga hannun wa ya fito, zai yi kwana 21 shi kaɗai, da takardar rigakafinsa a hannunka, kafin ya ga sauran.