Tambayi Likita: Idan an ce ciwo ba ya warkewa, jinya ta ƙare ke nan?

Tambaya: Likita, mahaifiyarmu ta yi wata bakwai a kwance da shanyewar ɓarin jiki, yanzu fatar ƙugunta ta fara yin ja. Me za mu shafa mata? Daga wata baiwar Allah a Azare.

Amsa: Malama, maganin wannan juyi ne. A riƙa juya ta duk bayan awa biyu, dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyinta, shimfiɗa kuma kada ta kwana da danshin fitsari. Kada a murza wurin, kada a barbaɗa toka ko garin kafso. In fatar ta fashe, ko ta fara wari, ko zazzaɓi ya shigo, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar.

Tambaya: Mahaifina na fama da ciwon dajin mafitsara, an ce ya shiga ƙashi. Ba ya barci, sai nishi har asuba. An rubuta masa mofin na ruwa, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, amma Baffana ya hana, wai shi ne maganin da ake ƙarasa majiyyaci da shi. Yanzu tiramol muke sayo masa a kemis. Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi. Wannan magana ta Baffanka na sha jin ta, kuma ta sa dattawa da yawa sun yi watanni cikin azabar da ake da maganinta a hannu. Na san inda ta samo asali. A wurinmu ba a cika ba da mofin ba sai majiyyaci ya kai gargara, saura kwana ɗaya ko biyu. Idan ya cika sai 'yan'uwa su ce maganin ne. Ciwon ne ya kai ƙarshe, maganin kuwa ya makara.

Mofin da likita ya auna, aka fara da kaɗan ana ƙarawa gwargwadon raɗaɗi, ba ya gajarta kwana. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matakin ƙarshe na tsarinta na maganin raɗaɗin daji, kuma akwai masu shan sa wata da watanni suna cin abinci, suna salla, suna hira da jikokinsu. Na ruwan ana ba da shi duk bayan awa huɗu, bisa agogo, ba a jira sai ciwo ya taso. Kwanakin farko zai iya yin gyangyaɗi ko tashin zuciya, yawanci suna wucewa. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka a nemi likita ya haɗa masa da maganin sassauta ciki tun ranar farko. A kulle kwalbar inda yara da samari ba za su kai ba, kuma kada a yanke maganin farat ɗaya. In ya yi barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashinsa ya yi jinkiri ƙwarai, a dakata da na gaba a nemi likita nan take.

Tiramol ɗin kemis kuwa shi ne ke tayar mini da hankali. Bai kai ƙarfin ciwon ƙashi irin wannan ba, sai ku yi ta ƙara masa, yawansa kuma yana jawo farfaɗiya da ruɗewa, musamman ga tsoho. Ana gudun wanda aka auna, ana ɗirka wa dattijo wanda ba a san ƙarfinsa ba! Ka ɗauki Baffa ku je wurin likitan tare, ya yi tambayarsa da bakinsa, domin babba ya fi karɓar magana idan ba a gaban yara aka ƙaryata shi ba. Ku tambaya kuma ko gashin daji, wato gasa wurin ciwon da na'urar asibiti, zai rage masa ciwon ƙashin. Sannan ka riƙe wannan: in ƙafafun Baba suka rasa ƙarfi farat ɗaya, ko fitsari ya ƙi fita, kada a kwana, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Kakata ta daina cin abinci, muna yi mata ɗurar kunu. Daidai ne? Daga Damagaram.

Amsa: A daina ɗura yau. Kunun yana iya bin hanyar iska ya faɗa huhu, ya zama ciwon haƙarƙari. A zaunar da ita, a ba ta abin da ranta ke so, ko cokali biyu ne, a riƙa jiƙa mata baki da leɓe. Amma a kai ta a duba tukuna, don wani lokaci kumburin baki ne ko taurin ciki ya hana ta ci, kuma duk suna da magani.

Tambaya: Likita, ina karatu a Ingila, na ga gidajen da ake kira hosfis, inda ake jinyar waɗanda ciwonsu ba ya warkewa, kyauta. Na kawo shawarar mu yi irinsa a garinmu, dattawa suka ce mu ba ma kai iyayenmu gidan jiran mutuwa. Daga wani ɗalibi ɗan Daura.

Amsa: Dattawan suna da gaskiyarsu, kada ka raina ta. Yawancin mutanenmu sun fi son cikawa a ɗakinsu, a ji kalmar shahada a bakinsu. Sai dai su zo su ga abin da nake gani. Wa ke jinyar? 'Ya mace ɗaya ko suruka, wadda ta bar sana'arta, ba ta barci, ba wanda ya taɓa koya mata wanke gyambo. Akwai kuma wanda ba shi da kowa: gwauron da ya zo ci-rani, tsohuwar da ba ta haihu ba. Su ina za su?

Cicely Saunders ce ta buɗe gidan hosfis na St Christopher a Landan a 1967. Ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ta kuma lura cewa raɗaɗin mai ciwon ajali ya haɗa da tsoro, da damuwar iyali, da ta kuɗi, da ta ruhi. Har yau yawancin kuɗin gidajen nan na Ingila daga jama'a yake fitowa, ta gudummawa da wasiyya da shagunan gwanjo, gwamnati na cika wani kaso.

Amma misalan da suka fi dacewa da mu suna wasu wurare. A Yuganda, Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala a 1993, kuma ba ta fara da gadaje ba. Ma'aikata ne ke bin majiyyata gida da mofin na ruwa mai arha, har a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. A jihar Kerala ta Indiya, musamman yankin Malappuram mai yawan Musulmi, 'yan sa-kai na unguwa ne ke riƙe da aikin, da ƙananan gudummawar 'yan kasuwa da ɗalibai. A gida ma Farfesa Olaitan Soyannwo ta yi shekaru tana wannan fafutika a asibitin koyarwa na Ibadan.

Don haka kada ku fara da bulo da siminti. Ku fara da ma'aikaciyar jinya ɗaya da aka horar, da babur, da likitan da zai riƙa rubuta magani, da matasa da mata 'yan sa-kai da za su karɓi mai jinya ko na awa uku ta samu ta runtsa. Ku sayi katifu da kekunan guragu na aro, a ba wannan gida, in an gama a kai wancan. Kuɗin kuwa akwatin masallaci da coci da adashin mata za su iya ɗauka, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. Batun zakka da waƙafi ku zauna da malamanku. In aiki ya kankama, ɗaki biyu ko uku domin marasa galihu zai biyo baya, kuma dattawan nan ne za su ba ku filin.

Tambaya: Yayata na da dajin mama, ya fashe yana wari, har mutane sun daina shiga ɗakinta. Mai magani ya ce daji ba ya son allura, ya ba mu wani baƙin haɗi muna liƙawa. Daga Kumasi.

Amsa: Haba! A cire haɗin nan, ƙona nama yake yi, yana kuma iya ɓalle jini. Allura ba ta tayar da daji, jinkiri ne ke ba shi dama. A wanke gyambon a hankali da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce. Ma'aikacin lafiya zai iya nuna muku yadda ake barbaɗa garin ƙwayar maganin Flagyl, warin yakan ragu cikin 'yan kwanaki. In jini ya ɓalle, a danne da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Ko bai ɓalle ba, ku kai ta cikin makon nan, kuma ke ki fara komawa ɗakin ki ci abinci tare da ita.