Tambaya da Amsa: Jif Zan Saya ko Ƙaramar Mota?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Daura, ina da mata da 'ya'ya uku, ina kuma da gona a wani ƙauye ta wajen Baure. Kuɗin da na tara za su saya mini Toyota Corolla mai lafiya, ko kuma tsohuwar Highlander idan na ɗan ƙara. Yayana ya ce jif ta fi jure hanya kuma ta fi kwarjini, babban ɗana kuwa ya ce harajinta ya fi yawa, kuma ta fi gurɓata iska. Wace shawara za a ba ni? Daga wani mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Yayanka da ɗanka kowa da gaskiyarsa, amma shawarata ita ce ka ɗauki ƙaramar motar, sai fa idan hanyar gonarka ce ta tilasta maka.

Mafi nauyin harajin mota a Nijeriya ana biyansa ne tun ranar da ta sauka a tashar jiragen ruwa, kuma ko ba kai ka shigo da ita ba, yana cikin kuɗin da dillali zai yanka maka. A tsarin da hukumar kwastam ta fara aiki da shi a 2022, motar da aka riga aka yi amfani da ita tana biyan kashi 20 cikin 100 na darajarta a matsayin kuɗin fito, da ƙarin kashi 15, sannan ga harajin VAT na kashi 7.5. Tunda bisa darajar mota ake yin lissafin, kuma da farashin dala, jif ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Abin da ake biya duk shekara, wato sabunta takardu da inshora, bai kai ya sauya ra'ayin mai saye ba. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. Abin da ya fi damuna da masu sayen mota a yankinmu shi ne takardun kwastam. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka duk jif ɗin da aka yi maka tayinta da arahar da ta wuce hankali a kusa da Kwangwalam ko Jibiya, kada ka ba da ko sisi sai an tabbatar da lambar jikinta a ofishin kwastam.

Inda bambancin yake fitowa fili shi ne gidan mai. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kuma mutum yana iya riƙe mota mai fulogi shida da albashinsa. A ƙarshen 2024 sai da lita ta haura naira 1,000. Corolla mai fulogi huɗu takan sha kimanin lita 8 a kilomita 100, tsohuwar Highlander mai fulogi shida kuwa takan kai 12 ko 13, musamman idan na'urar sanyaya mota tana aiki, abin da ba makawa a zafin bazararmu. Mu ɗauka kana yin kilomita 1,500 a wata, tsakanin ofis da makarantar yara da zuwa Katsina jefi-jefi. Ƙaramar za ta sha lita 120, jif ɗin kuma wajen 195, bambancin lita 75 ke nan kowane wata, lita 900 a shekara. Ka ninka wannan da farashin da ka tarar yau a gidan mai, ka ajiye shi kusa da albashinka. Ban ma sa tayoyi ba, waɗanda na jif suka fi girma da tsada, ko baƙin man da take ci a kowane juye, ko kayan gyaran da na Corolla kusan kowane bakanike yana iya samo maka su a cikin gari.

Maganar ɗanka a kan iska tana da tushe, kuma na ji daɗi da yaro ne ya kawo ta. Kowace litar fetur da ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, don haka waccan lita 900 ta wuce tan biyu a shekara. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce irin waɗannan manyan motoci sun kai kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya a 2023, kuma suna shan mai fiye da matsakaiciyar mota da kusan kashi 20. Shi ya sa Faransa ta ɗora haraji a kan nauyin mota, mazauna birnin Paris kuma suka kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 2024 aka ninka wa manyan motocin baƙi kuɗin ajiyewa sau uku. Motarka ɗaya ba ita za ta tsayar da hamada ba, amma mutumin da ke noma a Baure ko Zango ya fi kowa sanin abin da jinkirin ruwan sama da tsananin zafi suke yi wa gero.

Sauran batun hanya, wanda shi ne hujjar yayanka mafi ƙarfi. Idan hanyar gonar rairayi ce mai zurfi, ko tana da kwazazzabon da damina ke cikawa, kuma kana bin ta kowane mako, to ƙaramar mota za ta sha wahala, ƙasanta zai riƙa bugun ƙasa har ta koma 'yar gidan gareji. A wannan hali ka nemi matsakaiciya mai fulogi huɗu irin RAV4 ko CR-V, wadda take da tsayi daga ƙasa amma shan manta bai kai na Highlander ba. Idan kuwa zuwan naka na lokacin shuka da girbi ne kawai, hayar motar kaya ta 'yan kwanaki ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma Corolla tana ɗaukar ku biyar ɗin duka.