Amsa: Sayar da waƙa ɗungurungum ga mai shirya fim

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka sayar wa mai shirya fim waƙarka ɗungurungum, ya biya ka sau ɗaya shi ke nan. Shawarata ita ce kada ka sayar. Ka ba shi izinin amfani da ita a cikin fim ɗin kaɗai, na wani ƙayyadadden lokaci, amma mallakar baitoci da karin waƙar ta ci gaba da zama a hannunka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta tanadi cewa miƙa haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce, saboda haka duk abin da kuka daidaita ku sa shi a takarda, ku sa hannu a gaban shaidu.

Dalilina shi ne waƙa takan daɗe bayan an manta da fim ɗin. Na ga matasa a Kano da suka karɓi abin da bai wuce kuɗin cefane ba, daga baya waƙar ta karaɗe gidajen biki, ana sauraronta a YouTube da Audiomack, alhali kuɗin asusun wani suke shiga. Rigimar takan taso ne daga wanda ya biya situdiyo, domin yakan ce sautin da aka naɗa nasa ne. Idan da hali, ka biya mai kiɗa da mai haɗa sauti daga aljihunka, ka karɓi asalin aikin a filashi ranar da aka kammala. Idan babu, takardar ta fayyace wanda zai ɗora waƙar a intanet da kason kowa.