Kawu, ga yadda kuɗin coci suka shigo ƙungiyarmu

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ku da iyali da duk mutanen Rafindadi kuna lafiya.

Labarin da ya iso muku gaskiya ne. Ƙungiyarmu ta Hausawan nan Landan ta karɓi tallafi daga wata gidauniyar coci, muka riƙa dafa wa tsofaffin unguwa abinci duk Asabar lokacin sanyi, Musulminsu da Kiristansu. Na san abin da ya ɗaga muku hankali, wato ruwa ba ya tsami banza. Mu ma sai da muka yi ta kai ruwa rana a kai, har muka ɗauki takardar sharuɗɗan muka kai wa limaminmu ya karanta. Babu maganar wa'azi a ciki, babu ta shiga coci. Abin da suka nema shi ne kada mu kori kowa saboda addininsa, kuma mu kawo rasit.

Irin waɗannan gidauniyoyi suna da yawa a nan. Cikin manyansu akwai Church Urban Fund, wadda Cocin Ingila ya kafa a 1987, bayan wani rahoto na 1985 kan talaucin da ke cikin birane. A 2011 ta buɗe shirin Near Neighbours domin maƙwabta masu addini daban-daban su riƙa yin aiki tare. Wadda ta ba mu ƙarama ce, tsarinta kuma ya yi kama da waƙafi: wani ya bar dukiya tun da daɗewa, ya rubuta abin da za a yi da ita, ana juya uwar kuɗin, ana raba abin da suka haifa.

Masu riƙon ana kiransu amintattu, galibi ba a biyansu ko sisi. A farkon shekararsu suna zama su duba nawa za a iya rabawa ba tare da an ci uwar kuɗi ba, sannan su sanar da ranar rufe karɓar takardun neman tallafi. Duk zaman da suka yi sai an rubuta wanda ya zo da abin da aka yanke. In takardar ƙanin wani daga cikinsu ta zo gabansu, shi da kansa zai faɗa, ya tashi ya fita har a gama. Wannan, Kawu, ya fi komai ba ni mamaki da farko, domin a gida ai nan ne ake cewa gaba ta kai mu.

Kuɗin kuma a ɗaure suke zuwa. An ba mu na abinci, to na abinci ne. Da aikin ya ƙare 'yan kuɗi suka saura, matanmu suka ce a sayi babbar tukunya. Sai da muka rubuta musu muka jira amsa kafin mu taɓa. Wata dattijuwa daga cikinsu ta zo ta ga aikin da idonta, ta zauna ta ci shinkafa da miyar da yaji ya sa ta hawaye, ta goge ido ta ce a kawo mata rasit na gas.

Su ma akwai mai tambayarsu. Hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila da Wales tana nan tun 1853. Ƙungiya mai rajista da ke samun fiye da fam 25,000 a shekara dole ta sa wani na waje ya duba lissafinta, ta miƙa shi da rahoton amintattu cikin wata 10 bayan rufe shekarar kuɗi. Kowa na iya buɗewa a intanet ya karanta, ko daga can Katsina, kuma wadda ta makara za a ga ta makara.

Ba na cewa tsarin ba shi da aibu. Takardu sun yi yawa, wanda ya iya Turanci da cike fom shi ke samu, ba lalle wanda ya fi buƙata ba. Matar da mijinta ya rasu yau ba za ta jira zaman amintattu na wata uku masu zuwa ba. Shi ya sa muke da aljihu biyu. Akwai asusun ƙungiya mai rajista da sa hannun mutum biyu, akwai kuma karo-karonmu na WhatsApp, wanda in aka yi rasuwa kafin dare an haɗa kuɗin kabari, don a nan kabari ma sayensa ake yi da tsada.

To, batun rufin Islamiyyarku da iska ta yaye. Asusun ƙungiya ba zai taɓu ba, domin takardarmu ta ce aikinmu na mazauna nan ne, ni kuma ina cikin masu sa hannu. Amma zan kai maganar ga 'yan Katsina bayan sallar Juma'a mu yi karo-karo. Ku sa kafinta ya rubuto yawan bandir ɗin kwano da katako da ƙusa da kuɗin aikinsa, ku haɗo da hoton ajin, a turo mini kafin ranar Alhamis.