Fuskata maiƙo, kuma duk hodar da na shafa sai ƙaiƙayi

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya, ina wuni ya aiki. Ni daga nan unguwar Zariya nake a Maradi. Matsalata fuskata akwai maiƙo sosai, in na yi kwalliya da safe kafin azahar goshi da hanci sun fara naso suna ƙyalli kamar na shafa man gyaɗa. Na sayi hoda kala-kala a babbar kasuwa, wata ma har jikka biyar na saye ta, amma duk wadda na shafa sai fuskar ta hau ƙaiƙayi, washegari ƙananan ƙuraje su feso. Ga bukin ƙanwata ya matso. Don Allah wace hoda zan saya da za ta tsotse maiƙon kuma ba ta tada min borin jini ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kaimu bukin lafiya. Na san sunan hoda kike jira in faɗa miki ki tafi ki sayo, to ba zan faɗa ba, don kayan kwalliyar da ke shigo mana ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa akwai na gaske akwai jabu, kwali ɗaya suna ɗaya abin ciki daban, kuma ko ta gasken ce wadda ta karɓi ƙawarki ba lallai ta karɓe ki ba. Abin da zai fisshe ki shi ne ki koyi juya gwangwanin ki karanta bayansa.

Akwai jerin rubutu ƙanana a ƙarƙashin kalmar Ingrédients, kuma ba a banza aka jera su ba, abin da ya fi yawa a cikin hodar shi ake fara rubutawa. Masu shan maiƙo su ne Silica, Kaolin wato farar laka da aka tace, da garin shinkafa ko na masara da za ki ga an rubuta Oryza Sativa Starch ko Zea Mays Starch. In kin ga waɗannan a layin farko to hodar za ta yi aikin da kike so. Ni na fi son Silica da Kaolin a garin nan saboda zafi, Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40 mai garin masara dunƙulewa take in zufa ta sauko, ki ga fuska ta yi dabbare-dabbare. Launin ruwan ƙasa kuma daga CI 77491, CI 77492 da CI 77499 yake fitowa, su ba su cika tada fata ba, kar lambobin su tsorata ki.

Abin gudu na farko ƙamshi. Buɗe hodar ki sunsuna, in ƙamshi ya buge ki ajiye ta ko ta nawa ce. Turare yana sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo ƙaiƙayi a kayan shafa, a bayan kwali Parfum ko Fragrance ake rubutawa, wani lokaci kuma a ƙarshen jerin ki ga Linalool, Limonene, Geraniol, Citronellol, duk dangin turare ne. Mu kuwa mata in hoda ba ta ƙamshi sai mu ce ba mai kyau ba ce, masu kanti sun gane mu shi ya sa mai ƙamshin suke fara miƙowa. Sai Bismuth Oxychloride, lambarsa CI 77163, shi ke sa hoda ɗan walƙiyar nan, kuma mata da yawa in sun yi zufa da shi sai su ji fuska na tsikari. Sai magungunan hana lalacewa irin Methylisothiazolinone, DMDM Hydantoin da Imidazolidinyl Urea. Akwai Carmine, CI 75470, jan launi da ake samu daga wani ƙwaro, an fi sa shi a jan baki da hodar kumatu. Ba sai kin haddace ba, ki ɗauki hoton saƙon nan a salularki ki shiga kanti da shi. Hodar da jerinta ya yi gajere ta fi wadda ta cika rabin kwali, wadda kuma ba ta da jerin kwata-kwata ko rubutun ya goge, kar ki saya.

Hypoallergénique, wato wai ba ta tada borin jini, da suke bugawa da manyan baƙaƙe a gaba, kar ki dogara da shi, talla ce ta fi yawa a ciki. Sans parfum, wato maras turare, ya fi shi amfani, shi ma ki juya baya ki tabbatar. Talc kuwa yana shan maiƙo kuma ba ya cikin masu yawan jawo ƙaiƙayi, maganar da ake a kansa ta daban ce, a 2024 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar kansa, tunda akwai maras shi ki ɗauki maras shin kawai.

In kin sayo kada ki kai ta fuska ranar. Ki shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu, wurin lanƙwasar nan mai laushi, safe da dare, kwana 7 zuwa 10 a wuri ɗaya. Dalili, in zafi ko raɗaɗi ne nan take ake jin shi, amma irin naki da kika ce sai washegari ƙurajen ke fesowa, wannan yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin ya nuna kansa, gwajin minti biyar a gaban mai kanti ba zai gaya miki komai ba. Kuma abu ɗaya za ki gwada a lokaci ɗaya. In bukin bai kai kwana goma ba gara ki je da fuskarki wankakka da kwalli da jan baki da kika saba, kuma in mai kwalliya za ta yi miki ki tafi da hodarki da sosonki, wanda ta goga wa mata ashirin kada ya taɓa ki.

Yanzu tambayar da ba ki so in yi: mi kike shafawa kafin hodar? Don in mace ta ce min DUK hodar da ta shafa tana cin ta, sau da yawa ba hodar ba ce, fatar ce ta riga ta yi gautsi. Man bilicin da haɗin da ake sayarwa a robobi ba suna, akasari akwai Hydroquinone ko Clobetasol a ciki, wani har da sinadarin makuri, wato zaiba. Clobetasol magani ne mai ƙarfi na ciwon fata, in aka daɗe ana shafa shi a fuska fatar sirancewa take, jijiyoyi su fito, ƙuraje su yi ta zuwa, ko iskar hunturu ta taɓa ki sai raɗaɗi. In kina shafa irin wannan babu hodar da za ta zauna miki lafiya, kuma kada ki yanke shi dare ɗaya ke kaɗai don fuskar kan yi bore, ki je likita ya tsara miki yadda za ki bari. Haka masu dirje fuska da sabulu mai kaifi sau biyar a wuni da lemun tsami wai maiƙo ya tafi, maiƙon ba ya tafiya, fatar ce ke ƙonewa. Sau biyu ya isa, da sabulu maras ƙamshi, ki bi da mai marar nauyi ko da fuskarki na maiƙo.

Sosonki ma ki duba shi. Maiƙo da zufa da ƙurar garin nan duk a jikinsa suke taruwa a mayar cikin gwangwani a rufe, ki dinga wanke shi duk sati ki shanya ya bushe sarai. Da rana in naso ya fito kar ki lafta sabuwar hoda a kai, ki danna tishu a goshi da hanci tukun, dannawa ba gogawa ba, sannan ki ɗan taɓa hodar a wurin kawai. A jikin kwalin akwai hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe da 12M ko 24M, watannin da za ta yi ne bayan an buɗe.

In kin yi duk wannan ƙurajen ba su daina ba ki je asibiti ki nemi likitan fata, ki zuba duk abin da kike shafawa a leda ki tafi da shi har da na gashi da turaren da kike fesawa. In kuwa kin shafa abu kika ga leɓe ko fatar ido sun kumbura, ko numfashi na yi miki wuya, wanke fuskar ki wuce asibiti a lokacin, kada ki tsaya neman magani a kanti.