Amsa: iPhone 14 ɗin Amurka da ba ta da wurin saka sim

Ɗan uwa ka tambaya ko an cuce ka ne da ka sayi iPhone 14 a Circle da ke Accra ba ka ga ramin sim ba. A'a wallahi, tun 2022 Apple suka cire shi a sababbin wayoyin da suke sayarwa a Amurka, eSIM kawai suke ɗauka, wato sim ɗin da ake sawa a cikin waya ba tare da kati ba. Ka je ofishin MTN da Ghana Card ɗinka su mayar maka da layin zuwa eSIM, MoMo ɗinka na nan yadda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne ko wayar a kulle take da layin wani kamfani, shiga Settings, General, About ka duba Carrier Lock, in ba ta ce No SIM restrictions ba to maza ka koma wurin mai shagon tun yau kafin ya ce bai san ka ba. Ƙanena a Nima haka ya yi asara.