Wane jirgi mai filafili ne ba ya yawan tangaɗi, wanda za a iya zama a cikinsa?

Tambaya: Ina aiki a kudancin Ingila. Ni da maiɗakina muna so mu sayi tsohon jirgi mai tafiya da iska mu tare a ciki, mu riƙa zagaya gaɓar teku lokacin hutu. Ita dai tsoron tangaɗi take yi. Wane iri ya dace?

Amsa: Malam, tsayuwar jirgi iri biyu ce, kuma masu saye sukan haɗa su. Akwai wadda faɗi ke bayarwa: jirgi mai faɗi ba ya saurin karkata idan iska ta cika filafili. Akwai kuma wadda nauyin ƙasa ke bayarwa, wato kil, wannan falankin ƙarfe ko dalma da ke ƙarƙashin jirgi. Shi ke miƙar da jirgi idan igiyar ruwa ta kwantar da shi. Uwargida ta farkon take nema, amma ranar da teku ya ɓaci ta biyun ce ke ceton rai.

Katamaran, mai gangar jiki biyu, ya fi kowane zama daram, ga ɗakuna. Sai dai in ya kife ba ya tashi da kansa, kuma tsada gare shi wajen saye da wajen biyan kuɗin matsaya. Ga mutum biyu, mai jiki ɗaya mai tsawon ƙafa 32 zuwa 38 ya wadatar.

Ka nemi takardar awon jirgin. Nauyin kil ya kai kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na nauyin jirgin duka, ko da yake zurfin inda nauyin yake ma yana da tasiri. Sannan akwai lissafin auna haɗarin kifewa da aka fito da shi bayan tseren jiragen ruwa na Fastnet na 1979, wanda guguwa ta hallaka 'yan tsere 15 a cikinsa. Raba nauyin jirgi na laba da 64, ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta (lamba × lamba × lamba) za ta ba da wannan sakamako, sai ka raba faɗin jirgi na ƙafa da ita. Ana son amsar kada ta wuce 2. Misali, jirgi samfurin Catalina 30, mai laba 10,200 da faɗin kusan ƙafa 11, yana faɗowa kan 2 ɗin, kil ɗinsa kuwa laba 4,200. Idan jirgin yana da tambarin CE na Turai, wato shaidar cika ƙa'idojin ƙira, ajin B an yi shi ne don igiyar ruwa har mita 4, ajin C mita 2 kawai. Ni B zan zaɓa, don mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa ba ya da tabbas.

A yankinku ruwa kan janye ya bar taɓo, shi ya sa ake son mai kil biyu irin Westerly Centaur, wanda ke zama a miƙe a kan taɓo. Amma ƙafa 26 ne, ya yi wa zaman aure kaɗan.

Kada ka biya kuɗi sai an ɗaga jirgin daga ruwa, ƙwararren mai duba jirage ya bi shi. Ya duba kusoshin da ke riƙe da kil da duk wata tsaga a mahaɗarsa, alamar an taɓa buga ƙasa. A 2014 kil ɗin wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki ya cire a Tekun Atlantika, mutum huɗu suka rasu. A taka saman jirgin. Inda ya lotsa, ruwa ya shiga katakon da ke tsakanin faiba, wato robar da ake ƙera jikin jirgi da ita, ya ruɓar da shi. Wayoyin da ke riƙe da jigo in sun haura shekara 10, sa kuɗin sabbi a lissafinka.

Kayan zama ma suna rage tsayuwa. Kowace lita ta ruwa kilo 1 ce. Batura, gwangwanaye da kayan aiki su sauka can ƙasa, a tsakiyar jirgi. Jarkoki da faifan sola da aka jibga a sama suna ƙara tangaɗi. Kafin saye, ku yi hayar irinsa na kwana biyu ko uku, ku kwana a kan anga, uwargida ta ji motsinsa da jikinta.